Ki fara buga kofin kafin kiɗan Attahir

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Mariyama, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata da take ɗauke da shi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata gajiyar hanyar Yamai ta sake ki, kin sami ɗaki da abokan zama na kirki a jami'a. Allah ya tsare ki daga sharrin babban gari, da zazzaɓin bakin kogi da jikinki bai saba da shi ba. Mu nan Agadas lafiya, sai zafi da gajiya. Innarki tana gaishe ki. Yayarki Hadiza ce ke riƙe da bik tana rubutawa, ni ke faɗa, tun da kin san ban taɓa shiga lakol in yi boko ba. Na ce mata ta rubuta yadda maganar ta fito daga bakina, kada ta gyara mini.

Ba zan cika ki da labarin gida ba. Innarki ta ce kin kira, kin ce wani ɗan ajinku ya ga gitar da na ba ki, ya ce zai huda ta ya sa mata mikoro don a ji ta a taron ɗalibai. Ta ce kuma kina so ki fara ɗaukar kiɗanki a salula. Ta miƙo mini salular in yi miki magana, na ƙi karɓa. Magana irin wannan ba a yin ta ana jin kiredi yana ƙarewa.

Abu ɗaya nake so a wurinki, bari in faɗe shi tun da fari kada ya ɓace cikin surutun tsoho. Ina so ki ɗauki kiɗan Attahir, sau ɗaya, da tafiyarsa ta gaskiya, tun ina da kunnen ji.

Kin san kiɗan, amma ba ki san mutumin ba. Attahir yayana ne, baffanki. Yana bin ayari zuwa Fachi ɗaukar gishiri da dabino. Bai taɓa riƙe gitar ba. A maƙogwaro yake yin abin, baki rufe, yana tafe gaban raƙuma a hanyar dawowa, lokacin da kaya suka yi nauyi, kowa ya gaji da magana. Wata shekara ciwo ya kama shi a hanya, aka binne shi can, raƙumansa suka iso ba shi. Bayan nan ne na zauna na nemi abin a kan tsirkiya har na same shi. Yau duk Agadas ana kaɗa shi a biki, amma abin da suke kaɗawa ba shi ba ne, kuma hannuna ne ya jawo haka. Zan zo wurin. Bari in fara da huda, tun da ita ce ta fi kusa da ke.

Gitar ta farko da na mallaka, wurin wani ma'aikacin kwal na Cirozerin na same ta. Tana da murya mai sanyi, amma in mutane suka yi yawa ba a jin ta. Sai na ce zan sa mata mikoro a ciki. Na gasa ƙusa a garwashin shayi na huda gefenta don waya ta fito. Innarki tana zaune tana kallo, lokacin muna sababbin aure. Ta ce, “Kai da ko kunnen akuya ba ka iya hudawa?” Na ce ta ji da tukunyarta. Itace a garin nan bushe yake kamar ƙashi. Ban ji ta tsage ba a ranar. Bayan 'yan kwanaki na ga layi siriri ya tashi daga hudar ya nufi ƙirjinta, kullum yana ƙara tafiya. Na cika shi da ƙaro, na ɗaure da fata, duk a banza. Tun daga nan kowace tsirkiya na taɓa sai ta yi zizar ƙuda a cikin kwalba.

Saboda haka ki gaya wa ɗan ajinku na gode, ya ajiye ƙusarsa. Kada ƙarfe ya shiga jikin gitar ɗin nan. Akwai ɗan mikoro mai kamar kuɗin ƙarfe da ake mannawa a waje, masu gyaran rediyo suna da shi, bai fi ƙarfin bursinki na kuɗin karatu ba. Ki manna shi kusa da jakin da tsirkiyoyi ke hawa, ta ƙasa kaɗan. Kada ki manna shi da kol, gam ɗin nan mai kama fata. Ɗan ƙaro jiƙaƙƙe ya isa, ranar da kika gaji da shi ruwa zai cire shi. Kuma kafin ki manna, ki sa wata ta riƙe shi da yatsa tana gusar da shi kina kaɗawa. Akwai wurin da zai yi ƙarar gwangwani, akwai wurin da za ki ji itace. Ki tsaya inda kika ji itace.

Na biyu, maganar ƙarfin murya. Da na sami gitar ta biyu, wadda ke hannunki yanzu, aka kira ni bikin ɗiyar wani mai raƙuma. Na ga yara sun fara zuwa da ampili mai ƙara ƙarfin murya, na ce ni ma ba za a bar ni baya ba. Na aro babban ƙahon nan na mai shela, na aro batirin kamiyo, babbar motar kaya, na jingina ƙahon a bayana yana kallon ƙeyata. Ina taɓa tsirkiya abin ya kurma ihu, ihun ya koma cikin gitar ya sake fitowa ya fi na farko. Jarirai suka fashe da kuka. Wata tsohuwa ta toshe kunne ta ce, “Wannan kiɗa ne ko an taka jaki?” Na gyara, ihun ya tsaya, amma na ƙi rage ƙarfi don kada a ce na ji tsoro. Na kaɗa har na gama. Sai da na ɗaga kai na ga mata sun daina tafi tun tuni. Ba su jin hannuwansu, to me za su tafa? Suna zaune suna kallona kamar masu jiran kar ta fasinja a tasha.

Ke kada ki sayi ampili. Kuɗin karatu ne a hannunki, ba na kiɗa ba. A cikin ɗalibai ba za a rasa mai ƙaramin baful, lasifikar nan da ke karɓar waya, ba, ki aro, ki mayar da shi da tsabta da godiya. Ki ajiye shi a gabanki, bakinsa na kallon mutane, bayansa na kallonki. Ki buɗe shi kaɗan-kaɗan. Ma'auninki tafi ne: in kina jin tafin wadda ke zaune can baya, kin yi daidai. In ba ki ji, ki rage, ko da samari suna cewa a ƙara. Kullum za su ce a ƙara.

Yanzu ɗauka. Nan ne na fi shan wahala, kuma nan ne maganar take.

A zamaninmu rediyo mai kaset muke da shi. Ka danna maɓallai biyu tare, ka yi shiru, ka fara. Farkon ɗaukata na cusa mikoron cikin bakin gitar, ina ganin ai nan murya ke fitowa. Da muka saurara, sai gum, gum, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Na sake, wannan karon a tsakar gida don iska ta yi mana daɗi. Iskar ce kawai ta shiga, ita da akuyar innarki. Na ɓata kaset da yawa kafin in gane abin da zan gaya miki a numfashi ɗaya. Ki shiga ɗaki, ki rufe ƙofa. Ɗakunan ku na siminti ne, suna mayar da murya, ba kamar namu na ƙasa da ke shanye ta ba. To ki rataye bargo a bango, ki jingina katifa, ki shimfiɗa tabarma. Ki kashe bantilata ko da gumi zai jiƙa ki. Ki ɗora salular a kan matashi, ba a kan tebur ba, nisan kamu guda daga gare ki, tana kallon inda wuyan gitar ya haɗu da jikinta, ba bakin ba. Hadiza ta ce in ƙara cewa ki rufe layin kira kafin ki fara, kada wata ƙawa ta shigo miki tsakiyar kiɗa. Wannan nata ne, amma na yarda da shi.

Ranar da na ɗauki kiɗan Attahir duk waɗannan na kiyaye su. Da hantsi ne, ɗaki a rufe, tsirkiya sabuwa, hannuna a lokacin yana jin maganata. Abu ɗaya na raina. Pil ɗin da ke cikin rediyon, ƙananan batiran nan, sun tsufa. Innarki ta ce in aika a sayo sababbi. Na ce suna da sauran rai, na cire su na gasa su a rana na ɗan cije su da haƙori kamar yadda kowa ke yi, na mayar. Na danna, na kaɗa. Ban taɓa kaɗa shi kamar ranar ba, kuma ban sake ba. Da na gama na mayar da kaset baya na saurara a rediyon nan, da pil ɗin nan, na ji shi daidai. Ina murna na ba wani direban kamiyo aro. Shi ya ba wani, wani ya juya a nasa kaset, abin ya tafi Arlit, ya tafi Ingal, ya dawo.

Wata rana ina wucewa kasuwa na ji wani kiɗa daga shagon Sidi mai gyaran rediyo, abokina tun ƙuruciya. Kiɗa mai sauri, mai siririyar murya, yara suna rawa a bakin shagon. Na ce, “Sidi, wane ɗan banza ne ya saci kiɗan yayana yana gudu da shi?”

Ya ce, “Ɗan banzan yana tsaye gabana.”

Na ce ƙarya yake. Ya mayar da kaset farko. Akwai wurin da innarki ta leƙo ɗaki kafin in fara, ta ce shayi zai huce. Sai ga muryarta ta fito kamar ta yarinya 'yar goye. Sidi ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, “Yaushe ka ƙara aure ba ka gaya mana ba? Amaryar ma ba ta isa yaye ba.” Sannan ya nuna mini. Pil mai rauni yana jan kaset a hankali. In aka sa kaset ɗin a rediyo mai ƙarfi, sai ya ja shi da gudun da ya kamata, komai ya taho da sauri, murya ta haye sama. Ni da na saurara da pil ɗina masu rauni, dole in ji shi daidai.

Na ce zan gyara. Ina ganin abu ne mai sauƙi, in sake ɗauka in raba. Na sake, da pil sababbi. Ba wanda ya so shi. Sun riga sun saba da mai gudu, shi ke tashin rawa. Masu juya kaset kuma sun yanke muryar innarki daga farko don ta rage musu wuri, shaidar da nake da ita ke nan ta tafi. Yara suka koya daga mai gudun, suka ɗora shi a gitar mai kuran, wadda ake jona wa wuta, suka ƙara masa ganga. Yaran da suka koya daga waɗannan yaran suka ƙara masa sauri. Kiɗan mutumin da ke tafe a gajiye gaban raƙuma masu kaya ya zama abin da ake juya amarya da shi.

Na yi faɗa a kan wannan har na zama abin dariya, kin gani da idonki. Kin tuna bikin gidan Hajiya Tamu, da na tashi na karɓi gitar daga hannun yaron nan Buba na kaɗa shi yadda yake? Ya tsaya da ladabi har na gama. Sannan ya ce, “Baba, sannu da ƙoƙari. Da kana yaro ai da sauri kake yin sa, muna da kaset ɗinka. Hannu ne ya yi nauyi, ba komai, haka girma yake.” Ya dafa kafaɗata. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kawo ni a matsayin shaida a kaina.

Gyararren kaset ɗin ma ban iya riƙe shi ba. Guda ɗaya na ajiye, ban juya shi ba, ina cewa nawa ne. Na bar shi a gaban motar wani da rana, na dawo na tarar ya lanƙwashe kamar ganye. Da salula ta zo, ɗan ƙanwata ya ɗauke ni ina kaɗawa, lokacin hannun bai gama tafiya ba. Abin yana cikin ɗan kart ɗin ajiya na salularsa, nan kaɗai. Ya tafi Jado neman zinariya da ita, ya dawo ba salular, ba zinariyar. To ki ji. Abin da kika ɗauka, kada ya kwana wuri ɗaya. Ki aika wa Hadiza, ki aika wa innarki, ki ba ƙawa, ki sa a kart ki ɓoye cikin akwati. Abin da ke hannun mutum ɗaya a ƙasar nan, rana ko rairayi ko ɓarawo, ɗaya zai ci shi.

Za ki ce, to me ya sa ban bar ki kin ɗauka ba tun kina gida? Sau da yawa kin ɗauko salula na ce ki ajiye, ba ki kai ba tukuna. Kin kai tun bara. Taurin kai ne, da tsoro. Na ga abin da inji ya yi mini sau ɗaya, na kasa sake ba shi amana. Sai da kar ɗinku ta tashi na dawo gida na ga ƙusar bango babu gitar, sannan na gane na bar ki kin tafi da shi a hannu kawai, kuma hannu yana mantuwa.

Ni kuwa ba zan iya ba. Yatsun hagu biyu ba su lanƙwasawa yanzu, da safe sai na sa su a ruwan ɗumi kafin in riƙe butar alwala. Makon jiya na aro gitar na sa Hadiza ta ɗauke ni. Na saurara na ce ta goge. Ko da ma na kaɗa shi ba tuntuɓe, wa zai yarda? In tsoho ya kaɗa a hankali, tsufa ne. In yarinya mai lafiyar hannu, wadda kowa ya san tana iya gudu a kan tsirkiya, ta zauna ta kaɗa shi a hankali, dole wani ya tambaya me ya sa. Ranar da aka tambaya, ki ce haka Attahir ke tafiya.

Za su ce ki ƙara sauri. Ɗalibai ne, jininsu na tafasa, wasu ma sun san shi daga bukukuwa. Hannunki ma zai so ya bi su. Ke ba ki taɓa tafiya bayan raƙumi mai kaya ba, shi ya sa na koya miki da bokiti. Kin tuna, kina ƙarama, na cika shi fal na ɗora miki a ka, na ce ki zagaya tsakar gida kina yin kiɗan a maƙogwaro? In ruwa ya zubo miki a wuya, kin yi sauri. Kika yi ta kuka kina cewa ni mugu ne, innarki tana cewa in bar mata ɗiya ta huta. Kafin ki danna salular, ki tashi ki zagaya ɗakin da bokitin nan a ranki. Inda ƙafarki ta sauka, nan babban yatsa zai sauka.

Saura abu ɗaya. A cikin ƙunshin da direba zai ba ki tare da wannan takarda akwai dabino, akwai cuku daga innarki, akwai kuma ƙaramin kofin shayi naɗe a guntun rawani. Na Attahir ne. Cikin kayan da raƙumansa suka dawo da su, kofuna biyu ne suka kai yau ba su fashe ba, kuma in ka buga su da cokali muryarsu ɗaya. Na gwada su shekara da shekaru.

In kin danna, kada ki fara da gitar. Ki faɗi sunanki da muryarki ta kullum, ki ce wannan kiɗan Attahir ne na hanyar Fachi. Sannan ki ɗora kofin a tafin hannu, babu komai a ciki, ki buga shi da cokali, ki bar shi ya gama kukansa. Sannan ki kaɗa. Ki roƙi duk wanda kika ba kada ya yanke farkon.

Hadiza ta ajiye bik tana dariya. Ta ce salula ba ta jan kaset, ko batirinta ya kusa mutuwa ba ta sauya murya. Na ji. Sidi ma ya gaya mini haka. A wancan lokacin ma ai cewa aka yi inji ba ya ƙarya. Ki buga kofin.

Ban ce ki bar karatu saboda wannan ba. Karatu ya kai ki Yamai, shi ne gaba, gitar tana bayansa. Ki zaɓi ranar da ba ku da aji, da safe kafin gari ya yi hayaniya, ki yi shi sau ɗaya da natsuwa. In kin yi kuskure kaɗan ki bar shi, kada ki yi ta sakewa har ran kiɗan ya fita. Amma kada ki ce sai hutu, Uwata. Kunnen dama ya fara yi mini nisa, kuma na gaji da gardama da yara.

Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki. Allah ya haɗa ki da malamai masu tausayi da abokai masu tsoronsa, ya kare ki daga ciwo da mugun ido da mugun baki, ya buɗe miki karatu, ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla. Ki sassauta tsirkiyoyi in damina ta kama, ƙasarku ta can tana da laima, wuyan gitar bai san ta ba. Innarki ta ce ki ci abinci. Hadiza ta ce hannunta ya mutu.

Kofi na biyun yana wurina. Na daina shan shayi da shi, na sa shi a akwati tare da cokalinsa, kada ya fashe kafin saƙonki ya iso.

Ni ne mahaifinki,
Alhusaini, daga Agadas.